Kalangun Tsoho Ya Je Detroit

Greensboro, kafin asuba

Mun bar Greensboro ranar Alhamis tun gari bai waye ba, a hutun nan na ƙarshen Nuwamba da Amurkawa ke taruwa gidan iyayensu su ci talotalo. A tsakiyar shekarun tamanin ne. Ni a lokacin ɗalibi ne, ina karatun ƙasar noma, ina hayar ɗaki a unguwar Glenwood. Ba don ilimina aka neme ni ba, don motata ce, wata tsohuwa mai faɗin kwalekwale da na saya hannun wani ɗalibi da ya gama karatu. Tana shan mai ba kunya, amma tana tafiya.

Wanda ya neme ni Malam Iro ne, mutumin Ƙaura Namoda, wanda ya haura shekara ashirin a Amurka yana aiki a wata masaƙar yadin jins. Shi ke yanka mana ragon layya, shi ke raba mu in mun yi faɗa a kan siyasa. Na iske shi tsaye a ƙofar gidansa a East Greensboro, ya sha babbar riga shuɗiya mai aikin hannu, ya kafa hula, babu kwat babu suwaita. Ya rungume wani abu naɗe cikin bargo.

"Malam, ina kwat? Arewacin Amurka fa za mu, can sanyi ya fi nan."

"Akwai rigar sanyi ta ciki. Buɗe gaba, Injiniya."

Injiniya yake kirana. Na sha gaya masa ƙasa nake karantawa, ya ce duk wanda ke da mota injiniya ne. Na buɗe gaba, ya ajiye ƙunshin a kujera, ya ja bel ya ɗaure shi, ya juyo masa iskar hita. Shi kuma ya koma baya ya hakimce.

Kafin mu kai Winston-Salem na ji labarin. Abin da ke cikin bargon kalangu ne. Mahaifin Malam, wanda ake kira Dogo, makaɗin mahauta ne a garinsu, kuma ya rasu da damina. Malam yana da ɗa guda, Jibirin, wanda ya haifa da wata Ba'amurkiya, Anti Doris. Da aure ya mutu ta koma Detroit wurin danginta da yaron. Shekara biyu kafin tafiyar tamu Jibirin ya bar kwaleji ya ce kiɗa zai yi. Malam ya ɗaga waya ya gaya masa cewa shi ya ƙetare teku don ya tsere wa kiɗa, ba zai haifi makaɗi a Amurka ba, ya kife wayar. Tun daga ranar ba su sake magana ba.

To, labari ya kai gida cewa jikan Dogo makaɗi ne a ƙasar Turawa. Tsoho ya yi murna har ya kira maƙwabta. Da ciwo ya yi tsanani ya bar wasiyya a kai wa jikan kalangunsa, aka ba wani ɗalibi da ya je hutu ya taho da shi.

"Amana zan kai, ba ziyara ba," in ji Malam. "Mu miƙa, mu juyo."

"To me ya sa kalangun ya samu gaba, kai ka samu baya?"

"Sanyi yana sakar masa da fata. Ka duba hanyarka."

Virginia da West Virginia

Mun yi sallar asuba a wani wurin hutawar matafiya a gindin duwatsu, a kan ciyawar da ta daskare. Daga nan hanya ta fara hawa. Sau biyu ta shiga cikin dutse ta ɓulla ta wancan gefen, kuma duk sau biyun Malam ya yi bisimilla a baki ya yi hamdala a mafita. Tsohuwar motata ta hau duwatsun nan tana nishi, manyan motocin dakon gawayi suna wuce mu.

Ban lissafa da cewa ranar talotalo kowa yana gidan uwarsa ba. Duk gidan abincin da muka tsaya a rufe yake. Da dambun naman da Malam ya zuba a gwangwanin madara muka rayu, sai kofi mai ɗanɗanon ruwan wanki da muka samu a wani gidan mai.

Bayan mun wuce shingen biyan kuɗin hanya na biyu a West Virginia, ɗan sanda ya kunna mana fitila. Na gangara na tsaya. Ya ce fitilar bayana ɗaya ta mutu, in gyara. Sai ya leƙo ya ga ƙunshi cikin bargo ɗaure da bel, ya rage murya, ya tambaya ko jaririn barci yake.

"Ganga ce," na ce.

Ya dubi bargon, ya dubi Malam a baya cikin babbar riga, ya sake duban bargon. Ya ce in buɗe. Na buɗe. Ya ɗan taɓa igiyoyin da yatsa, ya tambayi Malam ko ya iya.

"Ban iya ba, ofisa," in ji Malam da Turanci. "Ni masaƙi ne."

Ya yi mana fatan cin talotalo lafiya, muka wuce.

Ohio

Muna ƙetare kogin Ohio hita ta yi wani tari ta mutu. Na buga mata hannu, na yi mata magana mai daɗi, na yi mata wadda ba ta da daɗi, ba ta ji ko ɗaya ba. Kafin mu kai Columbus numfashinmu ya fara fitowa kamar hayaƙi. Malam ya sa na tsaya, ya kwance kalangun, ya koma da shi baya ya cusa shi cikin babbar rigarsa ya rungume. A madubi, in ka gan shi, sai ka ce mai juna biyu.

Ohio shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, gonakin masara da aka girbe iya ganinka. A matsayina na mai karatun ƙasa na yi ƙoƙarin ba shi bayani a kanta. Ya ce in bari. Can da ya gaji da shiru shi ya ɗauko magana.

"Ka san abin da ya raba ni da abin nan? Ina firamare, ranar kasuwa, na ga wani falke ya cire riga ya jefa wa babana. Jefawa ya yi, ta faɗi ƙasa. Tsoho ya durƙusa ya ɗauka yana godiya, 'yan ajinmu suna kallo. Washegari ba wanda ya kira ni Iro, sai ɗan maroƙi. Ranar na ajiye sandar kiɗa, ban sake ɗauka ba."

Tausayinsa ya kama ni, amma Malam ba mutumin da ake nuna wa tausayi ba ne, sai na ƙara wuta.

Toledo

Mun shiga Toledo da magariba. Detroit ba ta fi tafiyar awa guda ba daga nan, amma Malam ya ce ba a faɗa wa mutane gida da duhu. Na san ba duhun ba ne. Muka kama ɗaki a wani ƙaramin masauki na wani Ba'indiye a bakin hanya, gado biyu da talabijin da ba ta kama komai sai wasan ƙwallon nan nasu da ake rungumar juna. Malam ya jingina kalangun kusa da abin ɗumama ɗaki, yana juya shi lokaci-lokaci kamar mai gashin masara.

Da safe ya goge rigarsa da tafin hannu, ya gyara hula a madubi har sau ba adadi, ya tambaye ni ko furfurarsa ta fito sosai. Na ce ta fito. Ya ce ba a tambayata gaskiya da sassafe.

Detroit

Ban taɓa ganin gari mai girma haka ba kowa a cikinsa ba. Tituna masu faɗi, masana'antun mota masu tsawon unguwa guda, tagogi a farfashe. Gida mai kyau, kusa da shi ƙonanne, kusa da shi fili da ciyawa. Gidan Anti Doris na jan bulo ne, tsaf da shi. Ta buɗe ƙofa, doguwar mace mai gilashi, ta dubi Malam daga hula har takalmi.

"Iro, har yanzu ba ka sa kwat."

"Doris, kina lafiya."

Ta zaunar da mu ta kawo abinci. Malam ya fara leƙen kwanon talotalo da ido, ta ce, "Ban manta ba, ba ka cin abin da ba Musulmi ya yanka ba. Ga kifi can na soya maka." Muna ci sai na ji kujerata tana rawa. Daga ƙarƙashin daɓe wani abu yake bugawa, dum, dum, dum, ba ya sauri ba ya jinkiri, cokula suna amsawa a kan tebur.

"Injin wankinki ya lalace," in ji Malam.

"Ɗanka ne," ta ce.

Muka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa. A hanya na ɗauka zan ga ganguna jere, ko aƙalla jita. Babu fata ko ɗaya a ɗakin nan. Tsohuwar ƙofa ce aka ɗora a kan bulo ta zama tebur, a kanta wasu akwatuna masu maɓallai da 'yan fitilu ja suna gudu, wayoyi sun harɗe kamar taliya, sai sifika biyu masu girman firji. A tsakiya wani dogon saurayi ya sunkuya yana murɗa wani abu. Da ya gan mu ya danna maɓalli, duniya ta yi tsit.

Suka yi musabaha irin ta mutanen da suka haɗu a banki. Duk maganar da ta biyo baya da Turanci aka yi ta, don Hausar Jibirin ba ta wuce sannu ba. Malam ya tsaya ƙyam ya isar da saƙo: kakanka ya rasu, ya ji kai makaɗi ne, ya bar maka wannan. Ya kwance bargon ya miƙa. Sannan ya waiwaya ya dubi ɗakin.

"Ina gangunan?"

Jibirin ya nuna wani akwati da bai fi faranti ba. "Ga su."

Malam ya juyo gare ni ya ce da Hausa, "Injiniya, tsoho ya mutu yana murnar banza. Wannan ba makaɗi ba ne, mai gyaran rediyo ne."

Don kada shiru ya kashe mu, na tambayi Jibirin wane irin kiɗa ne wannan. Ya ce har yanzu ba a gama raɗa masa suna ba, amma wasu abokansa suna ce masa tekno. Ya ce akwai wani mai shiri a gidan rediyon garin da yake haɗa faifan wasu Jamusawa masu kiɗa da na'ura da na baƙaƙen Amurka masu kiɗan rawa, ya sa su a jere kamar 'yan uwa, su kuma suna yara suka taso suna ji. Ba su da halin tara mutum goma da kayan busa. Amma akwatunan nan na Japan, manyan mawaƙa sun saya sun ce ba su yi kama da gangar gaske ba, suka zubar da su a kantunan jingina, su kuma suka tsinto da araha.

"Mu ba gangar gaske muke nema ba," ya ce. "Kawuna ya yi shekaru yana ɗaura ƙofar mota, aka kawo hannun ƙarfe ya karɓe aikin. Garin nan duk ƙarar inji ce, har bayan an kashe injinan. To mu mun ce inji ya yi mana kiɗa."

Ya ce sukan buga faifai kaɗan, su zuba a but ɗin mota, su kai Chicago inda ake da masu irin wannan haukar. Malam ya duba agogo ya ce mun isar da amana, za mu kama hanya. Na ga da gaske yake, kuma na ga fuskar yaron.

Jibirin bai ce a zauna ba. Ya dai zauna shi, ya kafa kalangun a tsaye tsakanin gwiwoyinsa, ya shiga dukan fatar da tafin hannu. Sautin da ya fito kamar ana kakkaɓe katifa. Malam yana kan matakala ta biyu ya tsaya. Yaron ya ci gaba. Malam ya rufe ido. Yaron ya juya kalangun ya daki ɗaya gefen.

"Kai, ba turmi ba ne."

Ya sauko, ya karɓe, ya rataya a kafaɗa, ya naɗe hannun riga, ya cusa kalangun a hammata. Ya lalubo lanƙwasasshiyar sandar daga cikin bargon. Mutumin da ya gaya wa ɗan sandan West Virginia cewa shi masaƙi ne ya matse igiyoyin nan ya buga, kalangu ya yi magana. Gajeren kiɗa ne, yana hawa ya sauko ya sake hawa. Ya ce taken Dogo ke nan, da shi tsoho yake buɗe kasuwa, kowa ya ji ya san mahauta sun yi yanka.

Jibirin ya miƙe tsaye. "Sake. Yaya ka sa muryar ta hau?"

"Matsewa ake yi."

"Wata nawa ina murɗa wannan don in samu haka!"

Ya jawo wani ƙaramin akwati mai launin azurfa, ya danna, ya murɗa, abin ya yi wani kuka kamar kwaɗo. Ya daddanna maɓallai, ya saki.

"Ba haka ba," in ji Malam.

Ya sake.

"Ba haka ba. Ka yi sauri a tsakiya. Tsoho ba ya sauri, mahauta ne ke jiransa."

Haka suka yi ta yi. Ni na samu wani kwandon wanki na kife na zauna. Anti Doris ta leƙo ta ga abin da ake ciki, ta koma sama. La'asar ta yi, muka yi salla a gefen injin wanki na gaskiya, Malam ya sallame ya koma ya ce, "Ba haka ba." Hular ta koma ƙeya. A wani lokaci na ga hannunsa a kan hannun yaron, su biyu suna murɗa abu ɗaya.

Can sai akwatin ya faɗa daidai. Ni da ban san Dogo ba na ji ya faɗa daidai. Jibirin ya saki dum, dum ɗin nan a ƙarƙashi, taken ya hau kai ya zauna. Kuma inji ba ya gajiya, ba ya tsayawa shan ruwa. Ya yi ta kiran tsohon nan, yana kira, yana kira, a cikin rami a Detroit.

Malam ya sauke kalangun ya ajiye a hankali. Ya cire hula ya ba ni. Ya kama wuyan babbar rigarsa ya zare ta ta kai, ya rage daga shi sai farar rigar sanyi ta ciki mai dogon hannu, wadda gwiwar hannunta ta ɓule. Bai jefa ba. Ya taka har gaban yaron, ya zura masa ita da hannu biyu, ya gyara masa kafaɗu.

Jibirin ya dube ni, rigar ta sauko masa daidai, don tsawon kakansa ya ɗauko. "Me ke nan?"

Malam ne ya amsa. "In makaɗi ya kira ubanka, ba a barinsa haka."

Ni dai na duƙufa ina karanta umarnin da ke jikin injin wanki, don idona ya cika.

Komowa

Mun kwana a gidan, Malam a doguwar kujera, ni a ƙasa. Da safe Anti Doris ta fito da kwat ɗin ƙaninta, Malam ya ce bai saba ba. Jibirin ya rako mu har mota cikin babbar riga da takalmin ƙwallo, maƙwabta suna leƙe. Ya ba uban kaset, ya ce ya kira shi in mun isa. Malam ya ce kiran nesa yana da tsada, amma zai duba.

Hita ba ta farfaɗo ba. Malam ya shigo gaba wannan karon, ya naɗe cikin bargon kalangu, na ja bel na ɗaure shi. Tun daga Toledo ya sa kaset ɗin, in ya ƙare ya juya. Ohio duk da taken Dogo muka ratsa ta, da West Virginia, da ramukan duwatsun nan biyu. A wajen Charleston na roƙi a ba ni labarai ko na minti biyar. Ya ce babu abin da ya faru a duniya. Sau ɗaya kawai ya yi sharhi, ya ce har yanzu yaron yana ɗan sauri a tsakiya.

Shekaru bayan haka na ji kiɗan nan ya ƙetara Turai, har ana cika manyan wurare da shi. Ban zama masaninsa ba. Duk inda na ji shi, ƙafafuna ne ke tuna sanyin Ohio.

Mun shiga East Greensboro bayan isha. Malam ya fito yana takawa da ƙyar, ya warware bargon zai miƙo mini, sai wani abu ya faɗo a kan kwalta. Na duƙa na ɗauka. Lanƙwasasshiyar sandar kalangun ce.

"Malam, an manta ba a ba shi wannan ba. Ranar Litinin sai in kai gidan waya."

Ya karɓe ta daga hannuna ya soke a ƙugu.

"Ba a aika wannan ta gidan waya. Yaushe ne hutunku na gaba?"

"Kirsimeti."

"To ka gyara hitarka, Injiniya."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Anti Doris da kifinta, da tsohuwar motata da ba ta ba ni kunya a gaban duwatsu ba. Allah ya jiƙan Dogo. Ranar Litinin da safe na kai motar wurin makanike.